Bidon Mai Ƙoƙon Kai na Baba Pom

Mun wuce Mango, mun doshi Dapaong, rana ta take tsaka, sai na ji wani abu yana huci tsakanin ƙafafuna. Da farko na ɗauka tayar motar ce take sacewa. Na duƙa na kasa kunne, ashe bidon ɗin Baba Pom ne, wato jarkar robar nan tasa, ssss, ssss, kamar an rufe kububuwa a tulu. Na zura hannu ƙarƙashin zanen da na lulluɓe shi na taɓa. Ya kumbura ya yi tauri kamar cikin akuyar da ta ci ɗanyen rogo, gindinsa ya turo waje har ya kasa zama daidai. A daidai nan direba ya rage gudu, matar da ke gefena ta gyara mayafi ta ce a hankali, "Baraj." Na leƙa ta ƙarƙashin tamfol na hango shingen bincike, ganguna jere a kan kwalta da sojoji a inuwar darbejiya. Sai a lokacin na tuna da zanen da ke jikin bidon ɗin: ƙoƙon kan mutum fari fat, da ƙasusuwa biyu gicciye a ƙasansa. Innalillahi!

Ku 'yan Zongon Sokode da kuka san shi, na san tun daga nan kun fara dariya. Ku yi abinku. Ni dai har yanzu in aka buɗe kwalbar lemo kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Don waɗanda ba su riske shi ba, kakana ne, mahaifin babana. Sunansa Malam Idi, amma ba mai kiransa haka sai liman. Bishiyar tuffa ya dasa a tsakar gidanmu, abin da 'yan makaranta ke kira pom, kuma iya sanina ita kaɗai ce a garin, shi ya sa yara suka laƙaba masa Baba Pom, manya suka karɓa. In ya shiga gidan mutum sallama biyu yake yi. Ta farko ta masu gida ce. Ta biyun sai ya rusuna, ya dubi ƙasa, ya ce, "Salamu alaikum, jama'a." Sa'annan ya tsinko ƙasar da yatsa biyu ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗanar miya.

Kun tuna ranar suna a gidan Alhaji Mamman mahauci? Gida cike da mutane, an share tsakar gida ƙal har tana sheƙi. Baba ya yi sallamarsa biyu, ya ɗanɗana, ya girgiza kai.

"Alhaji, gidan nan naka kango ne. Ba kowa a ciki."

"Haba Baba! Duk wannan taron ba ka gani ba?"

"Na sama nake gani. Na ƙasa duk kun share su kun kai bola."

Ya zauna ya ci wainarsa, ya cika aljihu da goro, ya fita yana yi wa gidan jaje.

Asalin abin, yana saurayi, zamanin Faransa, ya yi aikin ban-ruwa a wani lambun gwaji can saman duwatsun Alejo inda ake ɗan sanyi. Baturen da ke kula da lambun ya taɓa ɗiga ruwan ƙasa a gilashi ya ce ya leƙa ta madubin nan mai ƙara girman abu. Baba ya leƙa. Ya ce kasuwa ya gani sosai, wasu dogaye, wasu ƙulu-ƙulu, kowa yana kai da kawo. Tun daga ranar bai ƙara taka ƙasa da gadara ba. Da aka tashi lambun ya taho da dashen tuffa a tukunya, daga baya ya tsirar da wata daga jikinta ya ba 'yarsa, Gwaggo Azumi, da ta yi aure Dapaong.

'Yan gadi yake kiran halittun nan. Ni kuwa Madmazel yake kirana, don na yi kolej. Yakan ce, "Madmazel, ubana mai masaukin fatake ne. In baƙi na kirki suka cika zaure, kowa ya shimfiɗa buzunsa, sai ɓarawo ya zo, a ina zai kwanta? To haka ganye yake, haka fure, haka saiwa. Ita cuta wurin kwana take nema. Ki cika gidan da 'yan gadi ta zo ta tarar ba wuri, sai ta yi gaba."

Na taɓa kai maganar gaban malaminmu na kimiyya. Ya ce da gaskiya a ciki, bakteriya ake kiransu, wasu sukan zauna a fure da saiwa su cinye abincin da mai cutar zai ci, wasu ma sukan fitar da abin da ke korarsa. Amma, in ji shi, ba wanda zai rantse cewa abin da tsoho ke dama wa a bidon su ne na kirkin. Na dawo gida na faɗa wa Baba duka.

"Ki gaishe shi, yaron yana da hankali," in ji shi. "Rabin maganar na biyu kuma ƙuruciya ce, zai girma."

Abin da yake damawa kuwa: ƙasar gindin tsofaffin itatuwan bakin rafi, ruɓaɓɓen ganye, ƙasarin gero, da nonon da ya wuce shan ɗan Adam. Sai ya rufe a bidon ya bar shi ya yi kwanaki yana tsima, ya riƙa yayyafa wa bishiyar da tsintsiya. Amma bai taɓa yayyafawa ba sai ya fara kurɓa. Nonon kuma ba saya yake ba, Allah ya kiyaye. Sai kasuwa ta watse ya je wurin wata Bafulatana da muke kira Inna, ya bi ƙorai yana lasa.

"Wannan bai lalace sosai ba, Inna. Ajiye mini shi zuwa jibi."

"Kai Baba, kowa na neman mai kyau, kai kana cinikin ruɓaɓɓe, kuma kyauta. Yaushe zan ci tuffar nan?"

"In Allah ya kawo."

"To. Jikokina sa karɓa."

Ciwon ajali bai ja shi da nisa ba. Kafin ya kwanta, saƙo ya zo daga Gwaggo cewa bishiyarta ba lafiya, kan rassan ya yi baƙi kamar an babbaka, ganye ya bushe yana rataye bai faɗi ba. Baba ya ce ƙasar Dapaong ce ba jama'a, ya dama bidon na ƙarshe. Da jiki ya yi nauyi ya sa aka kira ni.

"Madmazel, ke za ki kai. Sauran nan in na ba su, a hanya za su zubar su cika da ruwan rijiya. Duk inda mota ta tsaya ki sassauta murfin su sha iska. Mutane ne, ba kaya ba."

Na ce to. Bayan an share makoki na ɗauki bidon da asuba na shiga motar Dapaong, irin mai buɗaɗɗen baya da tamfol. A Bafilo na cika umarni, na sassauta murfi. Wayyo Allah! Warin da ya tashi sai da wani mai sayar da atamfa ya rungume ƙunshinsa yana salati, mata suka toshe hanci, direba ya zagayo ya ce in na ƙara zai ajiye ni da kayana a daji. Kunya ta kama ni. Na murɗe murfin iya ƙarfina, na lulluɓe bidon da zane, ban ƙara waiwayarsa ba. Rana ta yi ta dafa shi tun daga Kara har Mango.

To, ga mu a baraj. Kun san yadda shekarun nan suke, ba sai na faɗa ba. Raɗe-raɗi ko'ina, ana cewa akwai masu shigo da miyagun abubuwa, kuma wanda aka sa a motar soja ba a tambayar inda aka kai shi. Aka ce kowa ya sauko da katin shaidarsa. Wani soja dogo siriri ya hau bayan motar yana zungurar kaya da bakin bindiga. Ya janye zanena. Ya tsaya cak. Sa'annan ya sauko da bidon ya dire a kan kwalta, ƙoƙon kan yana fuskantar jama'a, yana huci.

"Na wane ne?"

Ba wanda ya nuna ni da hannu, amma duk suka matsa gefe suka bar ni ni kaɗai.

"Kai ne mai shi?" Hausar bariki ce a bakinsa, mace da namiji duk kai ne.

"Ni ce, shef. Maganin itace ne. Don Allah kada ka buɗe da sauri, bari in..."

Ai ban rufe baki ba ya murɗa. Fuuum! Murfin ya yi sama, abin ya taso kamar an fasa famfo, ruwan toka mai kumfa ya wanke masa fuska da hula da kaki har cikin takalmi. Ya saki bindiga ya dafe ido yana ihu da Faransanci cewa guba ce, an kashe shi. Fasinjoji suka tarwatse. Na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su. Ban san lokacin da na durƙusa a kan kwalta mai zafi na ɗaga hannu ba, sai dai daga baya na ga gwiwoyina sun sale.

Babban sojojin ya fito daga rumfa, wani gajere mai furfura, bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya sa aka wanke wa dogon fuska da ruwa. Ya karɓi katina ya sa a aljihu. Ya tambayi abin da ke ciki, na lissafa masa, ƙasa, ganye, ƙasari, nono. Ya dubi ƙoƙon kan, ya dube ni.

"Nono ne da wannan hoto?"

"Wallahi shef, kakana ne ya haɗa."

"Ina kakan?"

"Ya rasu."

"Wannan ya sha?"

Wani daga cikin sojojin ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauko gwangwanin da suke shan ruwa, ya tsiyaya daga abin da ya rage, ya miƙo mini. "Sha."

Na karɓi gwangwanin. Na ce a raina, Baba bai taɓa ba bishiya abin da bai kurɓa ba. Na yi bismilla na rufe ido na shanye. Jama'a, ban san yadda tsohon nan ya yi shekaru yana lumshe ido a kan wannan abu ba. Tsami, ƙasa-ƙasa, kamar ƙasarin da ya kwana cikin takalmin soja.

Babban ya nuna benci a gindin darbejiya. "Ku zauna, kai da shi. In ya faɗi, bariki za ka. In kai ka faɗi, an huta da tambaya." Ya ɗaga wa direba hannu ya wuce. Na samu na ce wa direban, don girman Allah ya nemi Azumi mai man gyaɗa a Zongon Dapaong. Bai amsa ba, bai ma dube ni ba. Na ga ƙurar motar ta ɓace, na tabbata ba wanda ya san inda nake a duniya.

Muka zauna, ni a wannan baki, dogon a wancan, ƙudaje sun yanyame shi. Ina ta lallashin zuciyata cewa ai ƙasa ce da nono. Don in hana kaina kuka sai na shiga tuno rigimar Baba da Iya, kakata, ranar da ta share ganyen gindin bishiyar ta kai bola. Baba ya ɗauki daro da rana kata ya je ya kwaso su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, mutane suna kallo," in ji Iya.

"Su kalla. Ke in aka yaye miki abin rufa da asuba za ki ji daɗi?"

"Yaushe rabon da ka saya mini abin rufa?"

"To kin gani, ke kin saba. Su ba su saba ba."

Har na fara murmushi, sai idona ya faɗa kan bidon ɗin yana kwance a rana. Ruwan ɗorawa. Da ƙoƙon kai. Sai na tuna inda na fara ganin bidon ruwan ɗorawa mai ƙoƙon kai a gidanmu.

Wani hutu ne ina gida, wani ma'aikacin gona ya zo a kan babur ɗinsa da maganin feshi, irin na auduga, wai ana raba wa masu lambu. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya gaida Baba.

"Baba, feshi ɗaya, duk abin da ke jikin itacen nan ya mutu."

"Duk?"

"Duk."

"Har da 'yan gadin?"

"Su wa?"

"Bar shi. Ɗanɗana in gani."

"A'a Baba! Wannan ko fata ba a so ya taɓa."

"Kai ba za ka lasa ba, ita kuma ta sha? Me ta yi maka?"

Mutumin ya ga ba riba, ya fara ɗaure kayansa a bayan babur. Sai Baba ya riƙe igiyar.

"Ina za ka kai shi? Ba kyauta aka aiko ba?"

"Ai ka ce ba ka so."

"Na cikin ne ba na so. Bidon ɗin me ya yi mini?"

A ranar har da riƙe ciki na yi dariya. A kan bencin nan kuwa abin ya wuce dariya. Kun san Baba da tsimi, mutumin da ke tsaga ashana biyu. Ashe juye maganin ya yi ya ɗauraye bidon ya mai da shi na 'yan gadi? Da me ya wanke? Shi da sabulu sai Juma'a! An koya mana a kolej cewa irin wannan maganin roba tana shanye shi, wanki ba ya fitar da shi. Shi ɗan kurɓa yake yi a bakin cokali, ni kuwa gwangwani guda na shanye, kuma na ƙasan, inda komai ke kwanciya. Na san alamun, don an taɓa kawo wani manomi asibiti ina wurin: yawu ya yi ta zuba, gumi, rawar jiki. Ina tunawa sai yawu ya cika mini baki. Gumi kuwa dama ya jiƙa rigata. Na dubi hannuna, rawa yake kamar mazari. Na fara karanta duk abin da na haddace, ina yi ina ɓata, ina komawa farko.

"Kai," in ji dogon, murya ƙasa-ƙasa. "Cikinka yana ciwo?"

"Yana kuka dai. Kai fa, idonka?"

"Yana yaji. Duba mini, ya yi ja?"

Na duba. Ya yi ja, amma na ga kamar kuka ya yi. Bai fi yayana a shekaru ba. Ya ce uwarsa tana wani ƙauye bayan Kante, shi kaɗai gare ta. Na ce ni ma tawa tana Sokode tana zaton ina gidan Gwaggo ina cin tuwo. Can ya sake cewa, "Cikinka fa?" Haka muka yi ta gadin juna, kowa na addu'ar kada ɗan'uwansa ya faɗi, shi don ya san abin da ya shiga idonsa, ni don na ga motar soja da ke fake bayan rumfa.

Inuwa ta fara karkata. Ya ce, "Wannan itace da za mu mutu dominsa, 'ya'yansa da daɗi?"

Sai na ba shi labarin shekarar da bishiyar Baba ta haihu. Bayan duk wahalar nan, da tsige mata ganye da hannu da yake yi da rani wai don ta zaci sanyin ƙasarsu ya zo, sai ta yi fure, ta ɗaure 'ya'ya 'yan kaɗan. Tsuntsaye suka ɗauki rabonsu, saura ɗaya tak, ba ta fi lemun tsami girma ba. Baba ya ɗinka mata jaka da tsohuwar hularsa. Da ta nuna ya gayyaci dattawan Zongo bayan sallar Juma'a, ya wasa wuƙa, ya yanka ta siri-siri har ana hango rana ta cikin yanka. Liman aka fara ba. Ya yi bismilla ya sa a baki. Fuskarsa ta tattare wuri guda, ido ya kawo ruwa.

"Yaya ka ji, Liman?"

"Alhamdu lillahi, Malam Idi. Yau na ƙara ganin rahamar Ubangiji da ya ba mu mangwaro."

"Amma ka ga tabon cuta a jikinta?"

"Ban gani ba."

"To shi ke nan. Zaƙi ba aikin 'yan gadi ba ne."

Dogon ya tuntsire da dariya, ya tuna halin da yake ciki, ya katse, ya dafe ido. Ni kuwa dariyar ce ta juye mini kuka, na kifa kai a gwiwa na yi mai isata. Na ce Baba, ka aike ni in kai jama'arka, ga shi za a kai ni inda ba a dawowa, ko in bi ka tun ba a yi maka arba'in ba.

Ina cikin haka na ji ƙarar babur. Gwaggo Azumi ce a bayan mijinta, takalmi wari da wari, mayafi a hannu. Ashe direban ya je. Ta sauko tun babur bai tsaya ba, ta durƙusa gaban babban. "Ranka ya daɗe, 'yar ƙanena ce, yarinya ce mai hankali, karatu kawai ta sani, ni ce na..." Sai idonta ya faɗa kan bidon ɗin.

"La'ilaha illallahu! Bidon ɗina!"

Ta miƙe ta sure shi kafin wani ya hana ta, ta juya mariƙin ta kai wa babban har hanci. "Duba nan, ranka ya daɗe. Ƙafar kaza. Da ƙusa mai zafi nake yi wa duk bidon ɗina na mai. Shekara da shekaru ke nan da na aika wa tsohon nan man gyaɗa da azumi, na ce a dawo mini da abina. Kullum na tambaya sai ya ce ɓarayi. Na je Sokode na gan shi da idona a gindin bishiya, na ga kan gawa, na ja da baya ina a'uziyya!" Ta ciro makullin ɗakinta ta kankari goshin ƙoƙon kan. Farin ya ɓanɓaro kamar ɓawon ƙwai. "Fentin masallaci ne! Ragowar da aka yi da gyara. Ku dubi haƙoran, don Allah. Wa ya taɓa ganin guba da giɓi?"

Muka duba. A jerin haƙoran sama, gefen hagu, ɗaya babu. Daidai inda na Baba ya fita. Tun daga Sokode nake rungume da abin nan ban lura ba, kansa ya zana.

Na ce, "Gwaggo, to na ma'aikacin gonan fa? Wanda Baba ya karɓe?"

"Wannan? Ko buɗe shi bai yi ba. Ya yi ta yawo da shi yana neman inda zai zubar, duk inda ya ɗanɗana sai ya ce akwai jama'a. Ƙarshe nan ya kawo shi, ya ba wani manomin auduga, aka ba shi kashin shanu a madadi. Wai gonar auduga dama kango ce."

Babban ya karɓi bidon, ya shafa alamar ƙafar kazar da babban yatsa, ya kankari fentin da farce. Ya sa aka nemo murfin a cikin ciyawa ya sansana. Ya kira dogon, ya buɗe masa ido da yatsu ya leƙa, ya ce masa wani abu da yarensu, sauran suka fashe da dariya. Daga wani ƙauye can nesa na ji ana kiran la'asar. Ya ciro katina ya miƙo mini.

"Madmazel, tashi. Ba guba ba ne. Ba abin da zai same ka. Tafi gida."

Madmazel ya ce, kamar an faɗa masa. Gwaggo ta kama hannuna ta ɗago ni. Dogon ya matso yana sosa ƙeya, har yanzu yana wari. Ya ce in itacen Dapaong ya warke ya yi 'ya'ya, a tuna da shi. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Jikokinka sa karɓa," ba.

Ɗan abin da ya rage a gindin bidon bai fi a yayyafa sau ɗaya ba, kuma ban sani ba ko zai tashi bishiyar Gwaggo. Ta mayar da murfin tana ta faɗa, wai tsoho ya mutu bai fasa cutarta ba. Ta murɗa, sai kuma na ga ta tsaya, ta ɗan sassauta shi. Ta kai bakinta kusa, a zatonta ba mai ji, ta ce, "Salamu alaikum, jama'a." Hawaye na bin kumatunta.

Allah ya jiƙan Baba Pom. Ya yi shekaru yana rusunawa yana gaida ƙasa, bai taɓa taka ta da gadara ba. Ya Allah, yanzu da yake kwance a cikinta, ka sa ta amsa masa sallamarsa, ka yalwata masa masauki, ka cika shi da baƙi na kirki. Amin.